Wadda Kailu Ya Riƙe a Tele

"Kailu, wace ta?"

"Haba Haske, ko sannu da hanya babu? Wa kika nuhi?"

"Wadda kar riƙe ma ƙugu gaban duniya!"

Saukowarsa ke nan daga motar Yamai, jaka a kafaɗa, gitarsa a hannu. Na tare shi a bayan tashar Filinge tun kafin mutanen gidanmu su ji labarin zuwansa. Na yi niyyar in yi masa magana cikin sanyi, amma ina ganin hannun nan nasa na dama sai raina ya ɓaci.

Kailu ɗan unguwarmu ne, kuma shi aka yi mini baiko da shi. Da gurmi ya fara waƙa a dandalin samariya, lokacin sojoji na mulki. Ya je wasan matasa na ƙasa ya ciyo, sai wata ƙungiyar makaɗa ta Yamai ta ɗauke shi. Can ya koyi kiɗan mutanen Kuba da ake ce wa pacanga, ya zuba masa Hausarmu ta Kurfai, ya sa kalangu a tsakiyar kakaki da gita. Kafin ka ce me, kaset ɗinsa ya cika kasuwar Baleyara.

Da danginsa suka kawo goro, mutane sun yi ta zuga mahaifina, Baba Magagi, wai zai ba maroƙi 'yarsa. Baba bai ko ɗaga kai daga keken ɗinkinsa ba, ya ce yaron bai taɓa roƙon kowa ba. Shi ya tsaya mana.

Shi ya sa ranar da aka ce Kailu zai fito a tele, wato talabijin, Baba ya sa babbar rigarsa, ya gayyato abokansa, suka zauna a bencin gaba a gidan samariya, inda gwamnati ta ajiye wa gari akwatin. Ni ina can baya cikin 'yan mata, sai tsungulina suke yi.

Kailu ya fito cikin farar kwat, ya yi waƙa har tsigar jikina ta tashi. Ana tsakiyar kiɗa sai ya ajiye abin magana, ya miƙa wa wata doguwar mace hannu. Ya ɗora hannun dama a ƙugunta, ya riƙe tafinta da na hagu, ya dinga juya ta suna murmushi!

Can wani tsoho ya ce, "Magagi, ashe surukinka ya yi amre ba a hwaɗa muna ba?"

Aka kwashe da dariya. Baba ya tattara rigarsa ya fita, bai waiwayi kowa ba.

Abin da nake tuhumar Kailu da shi ke nan a bayan tasha.

"Rawa ta, abar ƙaunata! Wallahi rawa ta kawai, haka aka yin ta. Madam Rozin ta, matar mai kakakinmu. Mijinta na nan bayanmu shina busa."

"Mijinta na kallo?!"

"Shina kallo mana."

"Kuma bai ce komi ba?"

"Mi zai ce? Shi yak koya mini."

Nan fa kaina ya ƙara ɗaurewa. Na zo da fushin da na kwana ina dafawa, ga shi ban san inda zan sauke shi ba. A ce miji na busa kakaki ana juya matarsa? Na dubi idon Kailu, ban ga ƙarya ba. Amma ni ma ai idona bai yi mini ƙarya ba.

Da la'asar ya zo gaida Baba. Na laɓe a bayan zana tare da Gwaggo Habsa, ƙanwar Baba, wadda ta rene ni tun rasuwar Inna.

Baba bai ɗaga murya ba, kuma gara a ce ya ɗaga.

"Kailu, na hana ka waƙa?"

"A'a, Baba."

"Da anka kira ka maroƙi, wa yat tsaya maka?"

"Kai na, Baba."

"To ni kat tozarta gaban tsarana. Ban san Kuba ba, ban san abin da suka yi can ba. Nan Kurhwai, namiji bai riƙon macen da ba tashi ba. Ko ka bar riƙon matan mutane, ko in maida muku goronku."

Ina ta jira ya ce ya bari. Kalma ɗaya ce fa! Amma Kailu ya yi shiru, yana murza hularsa. Da ƙyar ya ce shugaban ƙungiyarsu ya ce in babu rawar babu tele, kuma da ita za su tafi Abijan a buga musu faifai. Ya roƙi Baba ya ba shi lokaci.

Shirun nan ya fi hannun ƙona mini rai.

Washegari da zai koma na raka shi har bakin hanya, ina kuka ina jin haushin kukan.

"Kenan sai ka yi shawara kahin ka zaɓe ni?"

"Haske, tun ina yaro nika mahwarkin abin ga. In na bari, mi nika da shi da zan riƙe ki?"

"To koya mini! Ni ka riƙe!"

Ban san lokacin da maganar ta fito ba. Ya zuba mini ido, idanunsa sun ciko.

"In Baba ya gane ki cikin tele da hannuna bisa ƙugunki... kina ganin zai sake hita kasuwa?"

Gaskiya ya faɗa. Mota ta tashi da shi ta bar ni tsaye.

Makonnin da suka biyo baya ban san kaina ba. Da safe in ce Baba ne da gaskiya, da rana in sa kaset ɗin Kailu in ce wane mai imani zai kashe wannan murya. Wata rana Gwaggo ta same ni a ɗaki na rungumi taɓarya ina gwada takun matar nan.

"La'ilaha! Haske, aljanu?"

"Gwaggo, ban san mi nika so ba. Kishi nika, ko kunyar Baba nika ji, ko so nika in zama ita... ban sani ba!"

Ta ƙwace taɓaryar ta zaunar da ni. "Kina son shi, shi kenan ciwonki. Sauran duk hayaniya ta."

Da aka sanar Kailu zai sake fitowa, Baba ya sa Gwaggo ta ɗaure kayan baikon a faranti, goro da zannuwa, ta ajiye a bakin ƙofa. Ya ce zai je ya gani da idonsa, in abin ya sake faruwa ta mayar wa dangin Kailu tun kafin a watse.

Ranar gidan samariya ya cika har kan katanga. Kowa ya san abin da aka zo kallo, kuma ba waƙa ba ce. Baba ya zauna a bencinsa shi kaɗai, babu babbar riga.

Kailu ya fito. Ya rame. Ya yi waƙa, ban ji ko kalma ba, domin na hango Madam Rozin a gefe tana gyara takalmi. Kiɗa ya kai wurin nan. Ya ajiye abin magana... ta tako... na runtse ido na damƙe hannun Gwaggo.

Sai na ji ana dariya.

Na buɗe ido. Kailu ya wuce matar, ya rusuna mata da ladabi, ya dawo tsakiya. Ya lanƙwasa hannun dama kamar yana riƙe da ƙugu, ya ɗaga na hagu kamar da tafi a ciki, alhali babu kowa. Haka ya shiga rawa shi kaɗai, yana juya iska a hankali, yana kallonta yana murmushi. Makaɗan suna duban juna, mai kakakin har ya kuskure busa.

"Ya haukace!" in ji wani yaro a kan katanga.

Gwaggo ta rasa gane komai. Ta matsa bayan Baba ta ce, "Yaya, to wa yar riƙe yanzu?"

Baba ya waiwayo ya nemo ni cikin taron, ya ga yadda hawaye ya wanke mini fuska. Ya sa bakin hannun rigarsa ya goge nasa idon.

"Habsa, tahi gida ki kwance kayan ga. Ku sa rana."

Kailu bai je Abijan ba. Shugaban nasu ya sallame shi a daren, ya ce ya mai da su abin dariya. Ya dawo Filinge da gitarsa da jakarsa, aka ɗaura mana aure bayan an yanke gero. Mun sha wuya kafin ya haɗa tasa ƙungiyar, kuma sai bayan sojoji sun sauka ya sake shiga tele. Faifan Abijan kuwa bai taɓa samu ba, na kuma san abin yana ci masa rai ko da bai faɗa ba.

Har yau haka yake rawarsa, hannu biyu a buɗe babu kowa a ciki. 'Yan jarida sun tambaye shi dalili har sun gaji. Ni ban taɓa shiga tele ba, ko ƙofar gidan ban sani ba. Amma duk ranar da ya ɗaga hannuwan nan, ko a tsakiyar 'ya'yana nake, sai na ja mayafi na rufe fuska, don gani nake duk ƙasar ni take kallo.