Madugu Ya Raba Zango

Da hantsin ranar Alhamis, Madugu ya gama lissafinsa. Fitilarsa ta koma kore a bangon falo, ya sanar da cewa ya auna zango ɗari biyu da goma sha ɗaya, ya zaɓar wa gidan Injiniya Mamuda wanda ya dace da su.

Madugu na'ura ce da ba ta fi faifai girma ba, kuma Mamuda ne ya ƙera ta. A shekarar 2094 mutanen Birnin Tsauni sun gaji da zama a benaye masu hawa tamanin, inda yaro ke girma bai taɓa taka ƙasa da tafin ƙafarsa ba. Sai aka shiga yayin fita daji hutu, kowa da tantinsa ko motar-ɗaki mai tuƙa kanta. Amma zaɓen zango ya zama rigima. Miji na son dutse, mata na son bakin ruwa, yara na son inda ba za a aike su ba. Mamuda ya ce zai kashe wannan gardama. Na'urarsa takan zauna wata guda a gida tana sauraro: wa ke kiran wa, wa ke kallon wa, wa ke dariya idan wane ya shigo. Daga nan sai ta fitar da abin da ta kira ma'aunin shaƙuwa, ta duba iska da sauro da inuwar kowane zango, ta ba motoci umarni. Mutum dai ba ya rasa dabarar da zai guje wa tambayar iyalinsa abin da suke so.

Gidaje ɗari uku aka ba na'urar gwaji a wannan hutun. Amma ba gwajin ne ya fi damun Mamuda ba. Shekara tara rabonsa da ya wuni wuri ɗaya da mahaifiyarsa, Inna Tabawa, ko da yake gida ɗaya suke. Ya fita tana lazimi, ya dawo ta shige ɗaki. Yanzu ta haura saba'in da biyar, likita ya ce ƙafarta ba za ta ƙara ɗaukar wata tafiya bayan wannan ba. Kwana ukun hutun nan yake so, ita da shi ƙarƙashin bishiya ɗaya.

Motoci biyu suka tashi. Shi da matarsa Saratu da yara a babba, Inna a ƙarama mai gado, saboda ƙafar. Kafin azahar babbar ta tsaya a Zangon Dutsen Kura. Wuri ne mai kyau, ba ƙarya: ga inuwar ɗorawa, ga ƙorama, ga fili a shimfiɗe. Yara suka zuba a guje. Aka kafa tanti, aka ɗora tukunya, motar Inna shiru.

Mamuda ya tambayi Madugu ko ta lalace ne a hanya. Madugu ya ce lafiyarta lau, ta sauka tun ɗazu a Zangon Tafkin Marke, kilomita talatin daga nan.

"Wa ya ce ka kai ta can?"

"Ma'auni ne ya ce," in ji Madugu. "Cikin kwana talatin ta ambaci sunan ƙanwarka sau ɗari huɗu da biyu. Sunan magen gidan sau tamanin. Naka ko sau ɗaya. Idan ka shigo, bango take kallo. Idan ka gaishe ta, matarka take amsa wa. Na ga hutunta zai fi daɗi in ba ka kusa."

Saratu ta ajiye ludayi ta yi dariya har da riƙe ciki. Da ta samu numfashi ta ce, "Maigida, yau mage ta kayar da kai zaɓe. Kai da ka ƙera abin, ka manta kai ɗan fari ne?"

Ya manta ɗin. Ya karanta littattafai na ƙasashe bakwai kafin ya haɗa na'urar, bai tuna da abin da kowace tsohuwa a unguwarsu ta sani ba: uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta kallonsa ido cikin ido, ba ta zama hira da shi. Kunya ce, kuma ita ce babbar shaidar matsayinsa. Ilimin da ya tsallake ƙofar gidan mai shi, da sauransa.

Ya umarci Madugu ya juyo da motar. Madugu ya ce doka ba ta yarda a ɗauki babban mutum daga zango ba sai shi da bakinsa ya nema. Ya ƙara da cewa Inna ta nema, har sau uku. Kowane karo yana tambayarta sunan wanda za a kai ta wurinsa, ita kuma tana cewa wajen wancan, ko wajen mutanen nan. Da ya matsa mata, sai ta ce masa marar tarbiyya, ta rufe lasifikarsa ta cikin motar da kallabi.

Mamuda ya zare wayar Madugu daga motar, ya zaro sitiyarin da bai sake kamawa ba tun yana ɗalibi. Aka nannaɗe tanti, aka kwashe tukunya da zafinta. Sau biyu ya faɗa gonar gero, Saratu na ta yi masa kirarin direban shekara.

Da la'asar suka isa Tafkin Marke, suka tarar da abin da ba su zata ba. Tsofaffin mata ne zaune a kan tabarmi, sun fi sittin, duk Madugu ya kwaso su daga gidajen gwaji ya tara su nesa da 'ya'yan farinsu. Sun riga sun raba aiki. Wasu na tsinke zogale, wasu na dama fura, wata na ba da labarin auren jikarta. A bakin hanya kuwa motoci ne ke ta isowa a karkace, manyan mutane masu furfura na fitowa suna share gumi. Kowace tsohuwa ta hango nata sai ta juya tana kallon tafki.

Mamuda ya durƙusa nesa kaɗan ya gaishe da Inna. Ta dubi Saratu ta ce, "Kun iso lafiya? Ki ba mutumin nan fura. Tun safe na san bai ci komai ba."

Nan suka kafa tanti. Zangon ba ya cikin goma na farko a jerin Madugu: akwai sauro, inuwa ba ta ishi kowa ba. Kwana uku Mamuda na zaune a gefen tabarmar, Inna na ba Saratu labarin yarintar wani yaro mai taurin kai da bai da suna, shi kuma yana ji.

A rana ta ƙarshe halin Mamuda ya motsa. Ya ce ya gano gyaran: zai koya wa Madugu cewa shiru ƙauna ne. Saratu ta ce to sai ya shirya, don hutu mai zuwa na'urar za ta tara duk masu gaba da juna a tanti ɗaya. Ya yi tsaki, ya yi zane a ƙasa, ya goge. Can ya roƙi Saratu ta tambayi Inna yadda ake bambanta shirun kunya da shirun gaba, don ya rubuta wa na'urar.

Inna ta ci gaba da ɗaure kayanta, fuskarta na wajen tafki.

"Ki tambaye shi," ta ce, "shi wa ya rubuta masa?"