Injin da Ba Ya Ƙara

Suriani ta shiga shagon da tsohuwar farfelar mahaifinta, Abah, a leda. Injin kwale-kwalensa ya mutu, kuma tunda ita ce ta yi jami'a, ita aka ɗora wa zaɓen sabo.

Injinan lantarki biyar ne jere a bango. Ta karanta takardunsu duka, kanta ya ƙara kullewa.

"Mai doguwar ƙafa kike so ko mai gajera?" in ji Hazwan, saurayin da ke tsaron shagon.

"Injin ma ƙafa gare shi?"

Ya danne dariya. "Gobe zan zo in auna bayan kwale-kwalen."

Ya zo ya auna. Ya sake dawowa, wai ya manta lambar. A zuwa na uku ko ma'aunin bai ɗauko ba.

Ranar da aka ɗaura injin ya turo saƙo: "Malamar farfela, batirin zai kai Abah bakin teku ya dawo da shi. Ni kuwa tun da na gan ki hankalina bai dawo ba."

Ta karanta sau bakwai, ta rubuta: "To. Na gode."

Bayan kwana uku Abah ya kwance injin ya dire a ƙofar gida.

"Mayar wa yaron nan. Kuma kada ya sake tako min gida."

"Ya lalace ne, Abah?"

"Lafiyarsa ƙalau."

"Ba ya gudu?"

"Yana yi."

Daga nan sai ya shiga yabon Rosli, ɗan amininsa, mai injin fetur da ke tashin gari daga barci.

"Sanyin idona, laifin me na yi?" Hazwan ya rubuto.

"Wallahi ban sani ba, Hazwan. Na sake karanta takardar injin, babu komai."

Mahaifiyarta ce ta warware mata, suna gyaran kifi.

"Shekara talatin ina gane tarin injin babanki cikin duk injinan garin nan. Da na ji shi, sai in ɗora shayi in sauka gaɓa. Kwana uku ke nan yana isowa shiru, matar kowa na tsaye, shi ba kowa." Ta yi murmushi. "Ba zai taɓa faɗa ba."

Suriani ta gaya wa Hazwan. Washegari ya zo da ƙararrawar tagulla, ya durƙusa ya nemi izinin rataya ta a goshin kwale-kwalen.

"Akuya ka mayar da ni?" in ji Abah. Amma bai hana ba, aka kuma mayar da injin.

Da la'asar, kafin kwale-kwalen ya sha kwanar kogi, matarsa tana gaɓa da shayi. Abah ya kurɓa, ya ce, idonsa na kan ruwa, "Ki ce wa yaron nan ya turo manyansa."

Ranar ɗaurin aure a kwale-kwalen aka kawo ango. Gida cike da hayaniya, ana ta addu'ar Allah ya ba da zaman lafiya, Suriani ta ɗago kai.

"Sun iso," ta ce a hankali.

Babu wanda ya ji ƙararrawar, sai ita da mahaifiyarta.