Amaryar Da Ba Ta Cewa Ni

A kasuwar garin Margilan ne Davron ya fara ganinta, zaune bayan tulin gurasa mai zafi. Guda biyu ya zo saye ya koma masaƙarsu, sai ga shi tsaye kamar an dasa shi.

"Bawan Allah, gurasa za ka saya ko ido ka zo zuba mana?" in ji ta.

Ya duba don ya ga da wa take haɗa kanta. Ba kowa, sai wata 'yar kujera a hagunta, da kofin shayi cike yana tururi.

"Ke da wa?"

"Mu dai."

Oydin sunanta. Duk garin nan an san labarinta sai shi, don Davron in ba zaren siliki ba babu abin da yake gani. Tagwaye aka haife su, ita da Yulduz. Suna ƙanana ruwan babbar magudanar bayan gari ya ja su tare. Oydin aka ciro da rai, kuma sai da aka ɓamɓare yatsunta daga na 'yar'uwarta. Tun ranar ba ta ƙara cewa "ni" ba. Kalmar nan a bakinmu "men" ce kawai, yaron goye ma na faɗinta, amma Oydin ta girma ba ta furta ba. Mun ci, mun sha, kanmu na ciwo.

Shi kuwa so ya riga ya yi masa kamun kazar kuku. Gidansu ya cika da gurasa har kaji suka ƙoshi. Da ƙyar ya samu lambarta, ya rubuta:

"Farin watana, yau aiki ya hana ni zuwa. Kin yi kewata?"

Amsa ta zo, har da "aka" ɗin da muke liƙa wa sunan namiji don girmamawa: "Mun yi, Davron aka. Ɗayarmu ma ta fi ɗaya."

Ya yi dariya, amma fa tsigar jikinsa ta tashi.

Mahaifiyarsa Mastura, da ta ji, sai ta dire tukunyar shayi.

"Duk 'yan matan Margilan ka rasa wadda za ka so sai mai yawo da gawa? Ga Dilrabo 'yar mai shagon magani, lafiyayya, ita kaɗai a jikinta!"

"Oyijon, ki je ki gan ta dai," in ji Davron, don haka muke kiran uwa.

Ta je ɗin, don ta samu abin faɗa. Aka shimfiɗa mata katifar zama, ta zauna a hagun yarinyar. Oydin ta zuba mata shayi da ladabi, hannu a ƙirji. Da Mastura ta miƙe za ta tafi, sai ta ji rigarta jiƙe sharkaf ta gefe guda, da sanyi irin na ruwan dutse, ga shi ko ɗigo bai zube a ɗakin ba. Ta dawo gida tana karanta duk abin da ta iya, ta ce wallahi sai dai bayan ranta.

Davron ya tsorata, ya yi wautar da masoya ke yi. Ya tare Oydin a hanya ya ce, "Ki ce kina sona. Ke kaɗai, sau ɗaya, Oyijon ta ji."

Fuskarta ta canza. "Kai ma so kake mu sake ta? Sau ɗaya aka raba mu, kuma ba da sonmu ba."

Ta daina amsa saƙonsa. Ya rame, zare na tsinke masa a hannu. A ƙarshe ya rubuta:

"Raina, na yi kuskure. Ba zan ƙara neman ki saki kowa ba. Yadda kike, haka nake so."

"Mun yafe. Ta ce kana da kirki."

Mahaifinsa Ergash ne ya kashe maganar. Ya dubi matarsa ya ce, "Mastura, wadda ta riƙe matacciya haka, kina ganin za ta saki mai rai?" Tana gunaguni aka kai neman aure, aka karya gurasa tsakanin gidajen biyu, magana ta tabbata.

Ranar ɗaurin aure, bayan an ci shinkafar biki, tsohon limamin unguwa ya zo bakin ɗakin da amarya take bayan labule da mata. Ya tambaye ta ko ta yarda. Shiru, kamar yadda kowace amarya take yi. Ya sake, shiru. A ta uku murya ta fito:

"Mun yarda."

Matan da ke ciki har gobe suna rantsuwa murya biyu suka ji.

Liman ya daɗe yana shafa gemu. "'Yata, ba a ɗaura wa namiji ɗaya aure da ya da ƙanwa. In ku biyu ne, ni na tashi."

Davron na tsaye a tsakar gida. Ya yi alkawari ba zai roƙe ta ba, bai kuwa buɗe baki ba.

Can aka ji Oydin tana magana ƙasa-ƙasa, ba da kowa a cikinmu ba.

"Yulduz, nan ba za ki iya bi ba. Yi haƙuri, 'yar'uwa. Je ki huta."

Labulen ya ɗaga ta gefe guda, ya koma, ba iska ba kowa. Wata tsohuwa a bakin ƙofa ta janye ƙafafunta kamar mai ba mutum hanya.

"Ni," in ji amarya. "Ni, Oydin, na yarda."

Aka shafa fatiha. Da aka shigo da ango, ya same ta tana kuka kamar ranar aka yi rasuwar.

"Davron aka, ina jin tsoro. Ban iya zama ni kaɗai ba."

"Wa ya ce miki ke kaɗai ce, farin watana?"

Mastura, mai rantsuwar sai bayan ranta, ita ta ratso mata ta rungume yarinyar, hawaye shaɓe-shaɓe. Ta ɗaga hannu, duk ɗakin ya ɗaga.

"Allah ya jiƙan wadda ta tafi," ta ce, "ya yi albarka ga wadda ta zauna."