Soyayyar da Ba Ta Jin Hausa

"Sake faɗa," in ji Bashira. "Amma da Hausa."

Yusha'u ya yi dariya, ya rufe ƙamus ɗin da ke kan cinyarsa. An tashi daga darasi, su biyu suka rage a gindin mangwaron da ke bayan ajin da yake koya wa masu shirin jarrabawa Turanci.

"Haba sanyin idona! Kalmar yau ce fa. Profess. Mutum ya fito fili ya bayyana abin da ke ransa, so ne ko imani, kowa ya ji. Misali na ba ki..."

"Wata takwas kana ba ni misali, Malam."

"Yau kuma ni ne Malam?"

Ta sunkuyar da kai tana murza bakin hijabinta. Ba ta iya cacar baki ba. Ita dai a ba ta littafi da lungu, shi ke nan. Amma wasiƙunsa suna nan jibge a ƙasan akwatinta a ruga, dukansu da Turanci, babu ko guda da za ta iya karanta wa mahaifiyarta Inno.

"Ina jin tsoro, Yusha'u," ta ce a hankali. "Kawu Ladan ya tambaye ni ko akwai mai zuwa wajena. Me zan ce masa?"

"Ki ɗan ƙara haƙuri, zuciyata. Kin san Baba... tun shekarar da shanu suka cinye masa dawa a Auna ba ya son jin sunan ruga."

"Shanunmu ne?"

"Ba naku ba ne. Amma a wurinsa duk mai sanda ɗaya ne."

"To a wurinka fa?"

Ya amsa mata da Turanci mai daɗi, mai santsi kamar man shanu. Ta ɗauki jakarta ta tafi ba sallama.

Ranar Asabar ba karatu, don haka ta raka Inno kasuwar Kontagora. Suna zaune a layin masu fura da nono, rana ta take, sai ga wata mata mai jiki da mayafi ruwan toka, Yusha'u na biye da ita riƙe da ledar cefane. Bashira ta gane ta. Hajiya Murja ce, mahaifiyarsa.

"Inno, na yau ne, ko an yi masa wanka da ruwan rafi?"

"Ruwa yana rafi, Hajiya, nono yana ƙwarya. Ɗanɗana."

Inno ta zuba kindirmo a kwano. Bashira ta miƙa wa Hajiya. Yusha'u ya kalle ta, ya kasa ɗauke ido. Uwa kuwa ba a yi mata ɓoyon irin wannan kallo.

"Kai, ka san ta ne?"

"Ɗalibata ce, Umma."

"Ɗaliba kawai?"

Matan da ke gefe suka daina dama fura. Bashira ta zuba masa ido. Ya Allah, ko sau ɗaya... ko da kalma ɗaya!

"Kawai," in ji shi. "Suna da yawa ai, ban ma riƙe sunayensu duka ba."

Ya sunkuya kamar zai gyara leda, ya raɗa mata kalmomin soyayyar nan uku na Turanci da ya saba faɗa mata, ya ƙara da cewa ta yi haƙuri.

Ba ta san lokacin da ta miƙe ba. Ita da ko a aji ba ta ɗaga hannu!

"Hajiya..." Ta ɗaga murya. "Hajiya, sunana Bashira, 'yar Gidaɗo. Ina son ɗanki. Ina sonsa tsakani da Allah, da aure nake nufi. Shi ma ya sha gaya min, yanzu ma ya faɗa, sai dai da yaren da ba ki ji. Ga shi nan, ki tambaye shi."

"Innalillahi!" wata ta ce, ta rufe baki.

Hajiya Murja ta juya. "Yusha'u, gaskiya ne?"

Ya kalli takalminsa. Ya kalli ledar. Bashira ta tsaya tana jira, hawaye na zuba ba ta share ba.

"Umma, mu tafi," ya ce. "Rana tana yi."

"Bashira."

Ta waiwaya a firgice. Inno ce. Bashira 'yar fari ce, kuma Bafillatana ba ta kiran sunan ɗan fari, kunya ba ta bari. Shekara goma sha tara "ke" ake ce mata, ko "waccan". Ba ta taɓa jin sunanta a bakin nan ba sai yau, a tsakiyar kasuwa.

"Zo nan, Bashirata. Zauna."

Inno ta karɓe kwanon daga hannun Hajiya Murja, ta juye nonon cikin ƙwarya, ta rufe da faifai.

"Na ji abin da ya raɗa mata, Hajiya. Shekara ashirin ina kai nono gidajen ma'aikata, har kyanwarsu suna gaya wa haka. Nono ya ƙare."

"Ga shi cike da ƙwarya!"

"Ya ƙare."

Suka wuce. Bashira ta bi bayan farar rigarsa da ido har ta ɓace cikin masu tumatur. Bai waiwayo ba.

Ta kifa kanta a kafaɗar Inno, ta fashe da kuka. "Inno, ina sonsa fa... har yanzu."

"Na sani," in ji Inno, ta ja mayafinta ta rufe mata fuska. "Yi kukanki. Ke dai kin faɗa."