Sunan Ozella a Bakin Mai Jita

Wata ranar Asabar da la'asar, a bakin kogin Yazoo, Ozella na tsaye kan kaskon suyar tarwaɗa lokacin da Elroy Mabry ya fara ɗora ido a kanta. Yana zaune a bayan motar kwasar auduga da jitarsa, yana rera waƙoƙin nan namu na kukan zuci da muke kira bulus. Rigarsa duk ta yamutse, don a mota suke kwana shi da abokan kiɗansa, tunda masaukin fararen fata ba ya karɓar irinmu.

Ya sauko ya miƙa mata faranti. "'Yammata, a ba bawan Allah kifi, a haɗa masa da suna."

"Kifin dai ga shi. Suna kuma ka yi gaba."

"Ozella take," in ji Gwaggo Vernice, ƙanwar babanta, wadda bakinta bai taɓa riƙe komai ba.

Ya koma ya ɗauki jita. "Ozella, Ozella, hanya ta cinye takalmina, ki bar min ƙofa a buɗe." Ita da ba a taɓa kiran sunanta a bainar jama'a ba sai in za a aike ta, ta tsaya sororo har kifin ya ƙone.

Babanta, Mista Crump, dattijon cocinmu ne a Belzoni, kuma bai ɓata lokaci ba.

"Kiɗan shaiɗan ne. Mutumin da gidansa kujerar mota ce, a ina zai ajiye ki? Ga Wardell nan mai shirya gawa, aikinsa ba ya yankewa."

Don haka ta hannun Gwaggo katunan wasiƙar Elroy suke zuwa.

"Zumata, muna Greenville. Taya ta fashe sau biyu, mun ci kifin gwangwani a gefen titi. Na kira sunanki har muryata ta dushe. Naki, mai jita."

Cikin littafin waƙoƙin coci take ɓoye su, inda ta san Baba ba zai zargi komai ba.

Sai Gwaggo ta je jana'iza garin Helena, ta dawo da abin da ya fi gawar nauyi.

"Na ji Elroy yana waƙa a can. Waƙarki ce tsaf, 'yar nan, har da takalmin. Amma maimakon sunanki Loretta ya ce. Wata doguwa mai jar hula, tana gaba tana ta yauƙi."

Ozella ba ta yi kuka ba, amma abin ya ci ta ƙwarai. Lahadi uku a jere ta bar Wardell ya rako ta gida, yana yi mata bayanin katakon akwatin gawa da ya fi daɗewa a ƙasa.

Da Elroy ya dawo, a wajen shanya ya same ta.

"Zumata, ko kallo babu?"

"Ka je Loretta ta kalle ka."

Wawan sai ya yi dariya, don shi har ga Allah bai ga laifi ba. "Haba, ai haka sana'ar take. Kowane gari ka shiga, ka tambayi sunan wadda ta fi rawa ka saka a waƙa, ita za ta jawo ƙawayenta. A Greenwood Bernice ce, a Tunica Odessa. Ko fuskokinsu ban riƙe ba."

"To a Belzoni fa? Wa ta fi suya?"

Nan dariyar ta tsaya.

"Na ƙona kifi a kanka, Elroy. Na yi wa Baba ƙarya a kanka. Ashe gurbi ne ka bari a waƙa, duk wadda ta zo ka zuba. In dai sunana zai fita daga waƙar nan ko sau ɗaya, kada ka ƙara biyowa ta layinmu."

Mu da muka san mawaƙa mun ce ba zai iya ba. Shugaban ƙungiyar kiɗansu ma ya ce masa mata ba sa fitowa don su ji ana kiran wata can a ƙauye. Gaskiya ya faɗa.

"Zumata, Clarksdale. Na ce Ozella, mata suka koma suka zauna. Mai gidan rawar ya ce kada in dawo."

"Zumata, sun tafi Memphis sun bar ni a tasha. Ni kaɗai ne yanzu da jita. Har yanzu Ozella."

Ba ta amsa ko ɗaya ba. Ta sake tura Gwaggo Helena, ta ce ta zauna a baya ta saurara da kunnenta. Gwaggo ta dawo jikinta a sanyaye.

"Loretta ta zo da jar hularta, ta zauna a gaba tana jira. Ya dube ta ido cikin ido ya ce Ozella. Ta jefe shi da kwalba. Jini na zuba a girarsa, ya maimaita."

A ranar Ozella ta yi kukan da ta riƙe wata huɗu.

A tsakar gidan Gwaggo aka ɗaura auren, wani fasto daga Isola ya zo, don Mista Crump ya ce ba a cocinsa ba. Baban bai zo ba, kuma har ya mutu bai taka gidansu ba. Mamanta ce ta sulalo da ƙosasshen kek a cikin tawul, ta dafa kawunansu. "Ubangiji ya tsare maka hanya, ɗana. Ke kuma ya ba ki haƙurin jira."

Ango ya rera waƙar da ɗinki a gira. Ranar Litinin da safe ya hau bas.

Addu'ar Mama ta karɓu, duka biyun. Shekara talatin da ɗaya suka yi, bai taɓa canja sunan ba, ita kuma ba ta taɓa rufe ƙofar ba, ko da yake in aka haɗa kwanakinsa a gida da ƙyar su cika shekara biyar. Sunanta ya je Memphis, ya je St. Louis, ya je Chicago, har aka riƙa raɗa wa jarirai shi a can. Ita kuwa Ozella ko Helena ba ta taɓa zuwa ba. Allah ya jiƙansu, ya haɗa su inda babu bas ɗin Litinin.