Tsohuwar Wayar Baba Mahamudu

Ranar da Faridatu ta fara aiki a wani ɗan ofis a Zogbeli, Mutawakil ya ɗago kai, ya manta abin da yake yi. Shi ke rubuta manhajar da ke auna wa manoma maganin feshi. Ita kuwa aikinta gwaji, wato neman laifinsa. A haka son ya kama su.

Mahaifinta, Baba Mahamudu, manomin shinkafa ne a Gbalahi, bai yarda da sana'ar da ido ba ya gani ba. Da aka kai goro, ya ce da manhajar zai yi feshin bana. In shinkafa ta ƙone, maganar aure ta bi ta.

Gwaji duk ya nuna lafiya, amma hankalin Faridatu ya ƙi kwanciya. Akwai wani gurbi a lissafin da Mutawakil ya bari fanko. A kwamfutarsa kullum sifili ke fitowa, sai gwajin ya wuce. Amma ba dole ba ne kowace na'ura ta ba da sifili, wata duk abin da ta tarar za ta ɗauka. Ta hana a saki manhajar. Ya fusata, ya ce Saeed, abokin aikinsu mai yawan zagaya teburinta, ke zuga ta. Ko gaisuwa ta yanke.

Ba ta sani ba, tuni ya saka wa Baba Mahamudu manhajar a tsohuwar wayarsa don neman suna. Sai da safiyar feshi ta ji labari. Ta rubuta masa: “Hasken idona, ajiye fushi. Baba ya fita gona da wayarsa. Hau moto ka zo yanzu.”

Da suka isa gonar, sun tarar Baba ya buɗe kwalbar magani. Awon da wayar ta nuna ya isa ya babbake gonar gaba ɗaya. Mutawakil ya durƙusa cikin taɓo, ya ce laifinsa ne, kuma ta faɗa masa ya ƙi ji.

Tsohon ya miƙa masa wayar.

“Kome ka rubuta, fara gwada shi a wannan. Kuma in yarinyan nan ya ce tsaya, ka tsaya.”

Bayan girbi aka ɗaura aure, da shinkafar gonar aka ciyar da baƙi. Wayar tana nan a teburin Faridatu, an ɗaure ta da roba, ba manhajar da ke fita sai an gwada a kanta, Faridatu ta yarda. Allah ya ba su zaman lafiya.