Baƙar Lakar Mai Hoto

Ƙafa ɗaya Gatari, ogan 'yan fashi, ya sa wa ƙofar ɗakin wankin hoton—garam! Rana tsaka ce, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, layin ba kowa. A ciki jan ƙwan fitila ne kawai, sai warin sinadari, sai tsoho Mai Hoto tsugune gaban bokitai.

"Kwanta! Ina azurfar?"

Kwalba ya tsaya bakin ƙofa, fuska naɗe da ƙyalle. Tsohon kawunsa ne fa, wan uwarsa, wanda ya raine shi. Kuma shi ya jawo, don baki shi ke yanka wuya. Ranar da ya sha ya yi tatil ne ya cika baki cewa kawunsa na fitar da azurfa daga ruwan wankin hoto, Gatari kuwa ba ya mantuwa. Da za su taho ya ja masa kunne, ko tari kada ya yi, don duk wanda ya gane su ba ya kwana duniya.

Tsohon ya rantse, ya yi bayani. Babu wani dunƙule. Ruwan da ya gama aiki yake tarawa, nasa da na masu hoton ƙashi a asibiti, ya jiƙa soson ƙarfe a ciki, azurfar ta kwanta ta zama laka. Sai an busar, maƙeri ya narka. Ga ta nan a bokitai.

Gatari ya leƙa. Laka ce baƙa ƙirin, mai wari.

"Ni za ka raina wa hankali? Shaho, juye jarkokin nan, a ƙasa ya ɓoye!"

Shaho, na ukunsu, ya shiga tuntsurar da jarkoki. Abin da suka zo nema ne ke bin magudana, Kwalba na kallo, ba halin magana. Gatari ya juya gindin bindiga—ƙum! Tsohon ya kife.

Mai shayin tsallaken titi ya riga ya buga waya. Amma motar 'yan sanda na can ta faɗa kwatar da ruwa ya rufe, sajan na zagin direba, sauran na turi.

Ƙum! Kwalba ya dubi kawunsa a ƙasa. In ya yi shiru, duka zai ƙarasa tsohon. In ya buɗe baki, muryarsa ce za ta ƙarasa shi. Gaba kura, baya sayaki. Da Gatari ya sake ɗaga hannu, Kwalba ya kasa daurewa.

"Oga, wallahi gaskiya ya faɗa! Lakar ce!"

Gatari ya dakata. Tsohon ya ɗago, jini ya rufe masa ido ɗaya. Ko fushi babu a muryarsa da ya kira Kwalba da sunansa na gida.

"Auta? Kai ne?"

Gatari ya ja tsaki, ya auna tsohon da bindiga. Tau!

Sai ga jiniya. Shaho ya suri bokiti biyu. Gatari ya dubi Kwalba, ya ce 'yan sanda na bukatar abin da zai tsayar da su, ya sakar masa harsashi ɗaya a cinya. Bokitan kuwa, a kwanar farko suka watsar da su, wai nauyi.

Tsohon bai kai asibiti ba. Kwalba ya kai, da ankwa a hannu. Da aka kira uwarsa, ta zo ta tsaya a ƙafar gadon, ta daɗe tana dubansa. Ya ce, "Inna." Ta juya wajen sajan, ta ce masa kuskure aka yi, wannan ba ɗanta ba ne, ta gyara mayafinta ta fita.